Situdiyon Gida: Sai da Miksa Ake Ɗaukar Sauti a Kwamfuta?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: mutum yana da kwamfuta, yana son haɗa ɗan situdiyo a ɗakinsa, ya rasa ko miksa, na'urar haɗa sautuka, dole ce ko kuwa ado. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da laftof, ina so in riƙa ɗaukar waƙoƙina a gida. Ni kaɗai ne, sai wani lokaci in haɗa da fiyano. Mai shago ya ce sai na sayi miksa mai layi takwas kafin sauti ya shiga kwamfuta da kyau. Haka abin yake? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba dole ba ce, a irin aikinka ma ba ita ya kamata ka fara saya ba. Abin da kake buƙata shi ne saunkad na waje, ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta ta USB.

Ga dalili. Wutar da makirufo ke fitarwa 'yar kaɗan ce, ba ta wuce 'yan milibolt ba, alhali kayan situdiyo suna aiki da abin da ya kai kusan bolt 1.2. Don haka sai an ɗaga ta. Bayan an ɗaga, sai an mayar da ita lambobi, domin lambobi kaɗai kwamfuta ke iya ajiyewa. In makirufon kondensa ne, wato irin na situdiyo mai saurin jin sauti, yana buƙatar wutar bolt 48 ta cikin wayarsa kafin ya yi aiki. Sannan akwai buƙatar sauti ya dawo kunnenka ta hedfon. Saunkad yana yin waɗannan ayyuka huɗu duka. Miksar da ba ta da USB tana yin uku, amma ba ta mayar da sauti lambobi, saboda haka ko ka saye ta sai ka sake neman abin da zai shigar da ita kwamfuta. Masu jona ta kai tsaye a ɗan ramin hedfon na laftof su ne ke kawo kukan murya ta fashe. Ramin nan an yi shi ne don ƙaramin makirufon kiran waya, layi ɗaya yake karɓa, kuma wutar da miksa ke turowa ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Aikin miksa na asali shi ne haɗa sautuka da yawa su zama ɗaya. Mai ɗaukar waƙa kuwa akasin haka yake so: murya daban, fiyano daban, amshi daban, don ya gyara kowanne a natse daga baya. Idan aka dama fura da nono ba a sake raba su, haka ma sautin da miksa ta haɗa kafin ya shiga kwamfuta. In ka sa eko ya yi yawa a kan miksa, ya zauna ke nan. Duk manhajar da za ka yi aiki da ita, FL Studio ce, Cubase, Studio One ko Reaper, tana da tata miksar a ciki, da feda ta ɗaga ko rage ƙara, da EQ na daidaita kauri da kaifin sauti, da kwamfiresa mai daidaita ƙarfinsa, da eko, kuma kome ka taɓa kana iya mayar da shi yadda yake ko bayan wata guda.

Nemi saunkad mai kafar shiga biyu, irin su Focusrite Scarlett 2i2, Behringer UMC202HD ko PreSonus AudioBox USB 96. Kowace kafa tana karɓar wayar makirufo mai haƙori uku, wato XLR, tana kuma karɓar babban jak na fiyano ko jita. In kana son fiyanon ya fito dama da hagu, zai cinye kafofin biyu, sai ka fara ɗaukarsa, ka zare, sannan ka ɗora murya. In kana son murya da fiyano a tare, ɗauki fiyanon daga ramin da aka rubuta L/Mono ko L/L+R kawai.

Wajen haɗawa, fara sa direban saunkad ɗin, ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka zaɓe shi a cikin manhaja. Murɗe Gain, wato abin ɗaga ƙarfin makirufo, zuwa ƙasa, tabbatar 48V a kashe yake, jona makirufo, sannan ka kunna 48V in kondensa ne. Saita aikin a bit 24 da 48 kHz. Tsaya kamar santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, da ragar tare iska a tsakani, ka rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar kana ɗaga Gain a hankali, har mitar manhaja ta riƙa yawo a wajajen -18 dB, kuma ko ka ɗaga murya kada ta wuce -6. Ba a neman cika mita. A bit 24 akwai sarari isasshe, ƙara ƙarfin murya daga baya abu ne mai sauƙi, amma wadda ta kai sifili ta fashe ba ta gyaruwa. Kashe sifika lokacin ɗauka, yi amfani da hedfon mai rufe kunne.

Kuɗin miksar nan, ka zuba shi a kan makirufo da ɗakin. Bango huɗu na siminti da tayil a ƙasa suna lalata murya fiye da yadda kowace na'ura za ta gyara; labule mai kauri, darduma, da katifa a jingine bayan mai waƙa suna rage dawowar sauti ƙwarai. In unguwarku akwai hayaniyar janareta da babura, makirufon dainamik irin Shure SM58, wanda ake kai baki kusa da shi, zai fi maka kondensa kwanciyar hankali.

Tambaya: Na riga na sayi ƙaramar miksa mai USB. Ina jona makirufo biyu, amma a kwamfuta sai su fito a haɗe a tirak ɗaya. Kuma in na kunna kiɗa zan ɗora murya, sai kiɗan ya sake shiga cikin muryar, wani lokaci har ta yi wata irin kuwwa. Miksar ce ta lalace? — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa, haka aka ƙera ta. Yawancin ƙananan miksoshi masu USB, irin su Behringer Xenyx Q802USB da Yamaha MG10XU, abin da suke aika wa kwamfuta shi ne haɗaɗɗen sautin ƙarshe, dama da hagu. Ko layi goma ne a fuskarta, biyu ne ke wucewa ta USB. Duk mai shirin saye ya duba takardarta: in ya ga 2-in/2-out a wajen bayanin USB, to wannan ne.

Amma kana iya raba makirufo biyu. Murɗa Pan, abin karkatar da sauti hagu ko dama, na layi na farko ƙurewar hagu, na layi na biyu ƙurewar dama. A manhaja buɗe tirak biyu na mono, ka ba na farko Input 1, na biyu Input 2. Kowane zai shiga shi kaɗai, daga baya ka dawo da su tsakiya. Kashe ekon miksar yayin ɗauka, domin shi yana bazuwa ɓangarorin biyu, zai kai muryar wannan cikin tirak ɗin wancan. Abin da za ka jure kawai shi ne a hedfon za ka ji mutum ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a na dama.

Matsalar kiɗa kuma daga maɓalli ɗaya take. Sautin da ke dawowa daga kwamfuta yana da hanya biyu a kan miksa: ko ya tafi hedfon kaɗai, ko ya shiga babban haɗin da ake aika wa kwamfuta. A wasu an rubuta To Phones/Ctrl Room da To Main Mix, a wasu To Mon da To St. Ka danna na Main Mix ne, shi ya sa kiɗan ke fita daga kwamfuta ya zagayo ya koma. In kuma manhajar tana maido maka da muryarka a lokaci guda, sai sautin ya yi ta zagaye yana ƙaruwa, ita ce kuwwar da kake ji, kuma tana iya ƙona ƙaramar sifika ko ta cutar da kunne. Saki na Main Mix, danna na hedfon.

Tambaya: Ina karanta labarai da waƙe ina ɗauka. In na sa hedfon sai in ji muryata tana zuwa a makare, har in rikice. An ce miksa ce maganin wannan. — Wata mai karatu daga Sakkwato

Amsa: Malama, wanda ya faɗa miki haka bai yi ƙarya ba, a da can da miksa ake kauce wa wannan jinkirin. Yanzu kusan kowane saunkad yana da maɓallin Direct Monitor, ko abin murɗawa tsakanin Input da Playback, wanda ke kai muryarki kunne kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Ki kunna shi, ki kuma kashe sauraron tirak ɗin a cikin manhaja, in ba haka ba za ki ji murya biyu, ɗaya na bin ɗaya.

Jinkirin daga bafa yake. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi ƙunshi-ƙunshi, girman ƙunshin shi ake kira bafa. A 48 kHz, bafa 1024 tana cin milisakan 21, 512 kusan 11, 256 ɗan sama da 5, 128 ƙasa da 3. Wannan na shiga ne kaɗai. Ki ninka shi biyu saboda fita, ki ƙara 'yan kaɗan. Da zarar jimillar ta haura milisakan 10 zuwa 15, mai magana yakan fara jin abin. Don haka a sa 128 lokacin ɗauka, a mayar 512 ko 1024 lokacin gyara. In a 128 sauti ya fara ƙas-ƙas yana yankewa, kwamfutar ce ta gaji: a rufe burauza, a jona caja ko a sa ta a yanayin cikakken ƙarfi, a kuma fitar da kiɗan ya zama fayil ɗin WAV guda maimakon barin kayan kiɗa ashirin suna aiki a lokaci ɗaya. A Windows lallai direban ASIO na saunkad ɗin za a zaɓa, ba MME ba. Hedfon na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe, shi kaɗai yana ƙara sama da milisakan 100.

Mawaƙan da ba sa iya rerawa sai sun ji Auto-Tune a kunnensu, su Direct Monitor ba zai yi musu ba, dole muryar ta bi ta manhaja, sai dai a rage bafa zuwa 64 ko 128. Eko kuwa da sauƙi: a ji busasshiyar murya kai tsaye, a bar manhaja ta turo ekon zalla. Ɗan jinkiri a kan eko ba ya damun kowa.

Tambaya: Mu ƙungiyar kiɗan gargajiya ce: mawaƙi ɗaya, 'yan amshi huɗu, masu kalangu biyu da mai kukuma. Ba ma iya yin waƙa ɗaya bayan ɗaya, sai a tare. Me za mu saya? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Nan ne maganar take canzawa, amma abin ƙirgawa bai canza ba: makirufo nawa ne za su yi aiki a lokaci ɗaya, kuma nawa ne daga ciki za su isa kwamfuta a rabe? Mawaƙi ɗaya, 'yan amshi su kewaye makirufo biyu, kowane kalangu ɗaya, kukuma ɗaya. Shida ke nan.

Hanya ta farko saunkad mai kafar makirufo takwas, kamar Focusrite Scarlett 18i20 ko Behringer UMC1820. Kada lambar 18 ta ruɗe ku: takwas ne na makirufo, sauran goman na dijital ne, takwas ta ADAT, biyu ta S/PDIF, sai da ƙarin na'ura ake amfana da su. Hanya ta biyu miksa mai aika kowane layi daban, irin su Zoom LiveTrak L-12, Tascam Model 12, Soundcraft Signature 12 MTK ko Behringer XR18. L-12 da Model 12 suna iya ɗauka a katin SD ko babu kwamfuta. Ƙanwar L-12, wato LiveTrak L-8, tana da kafar makirufo shida, tana kuma aiki da batir AA guda huɗu. In kuna zuwa biki ko taro kuna buƙatar tura sauti a sifika, wannan hanya ta biyu ta fi muku, kaya ɗaya aiki biyu. In a ɗaki kawai za ku riƙa yi, ta farko ta isa.

Akwai ta uku ga wanda ya riga yana da miksa ta gama-gari da saunkad mai kafa biyu: makirufon mawaƙi ya shiga kafa ta ɗaya kai tsaye, sauran biyar su bi ta miksa a haɗe su shiga ta biyu. Tana yi, sai dai duk yadda kuka daidaita kalangu da amshi a ranar, haka zai tabbata. Ku ɗauki gwaji na minti ɗaya, ku saurara, ku gyara, ku maimaita har ya zauna kafin a fara na gaske.

Ko da tirak takwas, kalangu zai kutsa cikin makirufon kowa, ƙarfinsa ya fi na murya. Ku sa masu kalangu a ƙarshen ɗaki, makirufon mawaƙi ya ba su baya, domin ta baya ne makirufo mai fuska ɗaya ya fi ƙin sauti. Nisan da ke tsakanin makirufo biyu ya kai aƙalla ninki uku na nisan kowanne da mai shi: in mawaƙi yana santimita 20 daga nasa, makirufo na kusa ya kai santimita 60 ko fiye. Kukuma muryarta siririya ce, a matso mata da makirufo kusa da ƙoƙon, a nesanta ta da ganguna. Ku tanadi wurin ajiya kuma: tirak ɗaya a bit 24 da 48 kHz yana cin kusan megabait 8.6 a minti, takwas a awa ɗaya sun haura gigabait 4.

Tambaya: Duk abin da na ɗauka akwai wani gurnani a ƙarƙashinsa, musamman in caja tana jone. Wani ya ce in sa miksa a tsakani za ta tace shi. — Mai karatu daga Jos

Amsa: Ba za ta tace ba, Malam, wataƙila ma ta ƙara, tunda ita ma wata na'ura ce mai jone da wutar gida. Gurnani mai kauri na wutar lantarki ne, wadda a ƙasashenmu take juyawa sau 50 a sakan, yana kuma tafe da 'ya'yansa a 100 da 150 Hz. Shi ya sa yanke ƙasan sauti daga 80 Hz yake rage shi amma ba ya kawar da shi.

Bi shi da gwaji. Zare kome, bar laftof a kan batir, saunkad da hedfon kawai. Jona makirufo, saurara. Jona fiyano, saurara. Sai sifika, sai caja. Wanda gurnanin ya shigo da shi, shi ne mai laifi. Galibi abin da ke faruwa shi ne na'urori biyu sun samu at, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa, ta hanyoyi daban-daban, sai wata 'yar wuta ta riƙa bi ta jikin wayar sauti. A jona kome a soket ɗaya mai at na gaske; wasu ekstenshan masu araha rami uku ne a fuska amma waya biyu ce a ciki. Tsakanin saunkad da sifika a sa waya balans, XLR ko jak mai zobe biyu, TRS. Jak mai zobe ɗaya kada ya wuce mita biyar, kada kuma a shimfiɗa shi a jere da wayar wuta. In fiyano ne ke kawowa, a sa akwatin DI, wanda ke mayar da jak ɗin fiyano waya balans, a danna maɓallinsa na Ground Lift. Abin da ba a yi shi ne karya haƙorin at na filogi: gurnani zai iya tafiya, amma ran da wata na'ura ta yi shot, jikin makirufon da ke bakin mutum ne zai ɗauki wutar.

Ƙarar zzz mai kaifi takan fito daga caja mara kyau, ko inbatar da ba ta ba da tsabtatacciyar wuta, ko ƙaramin janareta. Mafi sauƙin magani shi ne a cika batir a zare caja yayin ɗauka. Saunkad mai kafa biyu daga USB yake shan wuta, har da bolt 48 ɗin, don haka laftof da shi da hedfon suna aiki ko an ɗauke wuta. In kuwa shuuu kake ji kamar iska, wannan ba na lantarki ba ne, ka yi nisa da makirufo ne ka ƙure Gain. Matso, ka rage.

Tambaya: Muna gabatar da shirin tattaunawa kai tsaye a Facebook da YouTube, mu uku, muna kuma karɓar kiran waya. Mai kira yana jin muryarsa tana dawo masa. Mu ma saunkad za mu saya? — Masu karatu daga Kumasi

Amsa: A'a, ku kam miksa ce taku. Shirin kai tsaye ba shi da gyaran baya, abin da ya fita ya fita, kuma hannu a kan feda ya fi linzamin kwamfuta sauri in baƙo ya yi tari ko ya ɗaga murya. Haɗaɗɗen dama da hagu da ya zama cikas ga mai waƙa, shi ne daidai abin da OBS ko wata manhajar watsa shiri take buƙata. Haka abin yake ga masu ɗaukar wa'azi ko lacca inda sifika ke aiki: miksa ta ciyar da sifika, a ɗebi sauti daga Rec Out ko Aux zuwa kafar layi ta saunkad, 48V a kashe.

Mai kira yana jin kansa ne saboda kuna mayar masa da duk haɗin, har da muryarsa. Abin da ya kamata ya koma masa shi ne muryar kowa ban da tasa. Ku shigar da sautin salular a layi guda, a ce na biyar. Ku ja wayar sauti daga Aux Send, wata kafar fita ta daban da ke kan miksa, zuwa ɓangaren makirufo na salular. Ku ɗaga Aux a layukan masu gabatarwa uku, na layi na biyar ku bar shi a sifili. A tsakani ana buƙatar mahaɗin TRRS mai raba hedfon da makirufo, wanda kuma yake rage ƙarfin sauti, domin abin da Aux ke fitarwa ya fi ƙarfin kafar makirufon salula. In babu mai ragewa, ku fara da Aux a ƙasa sosai kuna tambayar wani a ɗaya ɓangaren ko muryar ta fashe. Rodecaster Pro, Zoom PodTrak P4 da LiveTrak L-8 suna yin wannan rabewar da kansu da zarar an jona waya a kafar da aka ware mata.

Kowa a ɗakin ya sa hedfon, a kashe sifika, in ba haka ba muryar mai kira za ta fito ta sifika ta shiga makirufonku ta koma masa ta bayan gida. In ramin hedfon ɗaya ne a miksar, ƙaramin amfilifaya mai rami huɗu irin Behringer HA400 zai raba muku, kowa da abin murɗa ƙarar kunnensa.